NanoVNA: Ƙaramar na'urar da ke tona asirin eriya, da abin da ba ta iya gani

Duk wanda ya taɓa sayen rediyon oba-oba, ko babban rediyon magana da ake girkawa a ofis ko a mota, ya san tambayar farko da ake yi wa mai shago: wat nawa ne? Da wuya ka ji an tambayi eriya. Alhali kuwa rediyo mai wat 100 da aka ɗaura wa eriyar da ba ta dace da shi ba yana iya kasa kai muryar mai shi inda rediyo mai wat 10 zai kai da eriya mai kyau. Wani lokacin ma abin ya wuce rashin kai murya, domin ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa komawa yake yi cikin rediyon, ya zafafa tiransistocinsa, wata rana a wayi gari sun ƙone.

Masu rediyon sha'awa, wato mutanen da ke karɓar lasisi su riƙa magana da takwarorinsu na duniya ba don kasuwanci ba, sun daɗe da sanin haka. A Najeriya lambar kiransu tana farawa da 5N, a Nijar kuma 5U. Yawancinsu da hannunsu suke haɗa eriya, da wayar jan ƙarfe da igiya da gora ko bututun ƙarfe. Su ne kuma akan nema idan layukan waya sun mutu, kamar yadda aka gani a tsibirin Puerto Rico bayan guguwar Maria a 2017. Matsalar da ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya ita ce eriya ba ta da wata alama da ido ke gani. Waya ce kawai a rataye. Ko tana aiki ko ba ta yi, kamanninta ɗaya ne.

Daga ɗakin bincike zuwa aljihu

Na'urar da ke auna halin eriya dalla-dalla ba sabuwa ba ce. Kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya fitar da irinta tun a 1967, amma shekaru da dama irin waɗannan na'urori sai a jami'o'i da manyan kamfanonin sadarwa, saboda girmansu da kuma farashinsu na dubban daloli. Mai sha'awa sai dai ya dogara da ɗan ma'auni mai allura, wanda ba ya aiki sai an kunna rediyo an watsa, kuma lamba ɗaya tak yake bayarwa a wuri ɗaya.

A wajen 2016 wani injiniya ɗan Japan, Tomohiro Takahashi, ya ƙera wata ƙaramar na'ura ya sa mata suna NanoVNA, ya kuma saki zanenta da manhajarta a intanet kyauta. A 2019 wani ɗan China da aka fi sani da Hugen ya gyara zanen ya fara ƙerawa da yawa, daga nan na'urar ta bazu a duniya. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, tana da batirinta da ɗan allo mai inci 2.8, farashin ƙananan nau'o'inta kuma bai kai dala 100 ba. Ta farkon tana aiki daga kilohaz 50 zuwa megahaz 300, aka faɗaɗa ta zuwa 900, na baya-bayan nan kuma wasu sun kai gigahaz 3.

Aikinta mai sauƙin faɗa ne. Tana tura wata 'yar sigina mai rauni ƙwarai, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na wat ba, ta saurari abin da ya dawo: nawa ne ya dawo, kuma da wane jinkiri. Sai ta matsa gaba kaɗan a kan zangon ta sake, har sau 101, ta zana sakamakon a allo. Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu mutum ya ga abin da a da sai ya yini yana kunna rediyo yana rubutawa a takarda.

Me ya sa ƙarfi ke dawowa?

Mai sauraron gajeren zango ya saba jin ana cewa "a kan mita 41" ko "mita 49". Wannan lamba tsawon igiyar rediyon ce da gaske. Idan aka raba 300 da yawan megahaz, sai a sami tsawon igiyar a mita. Zangon da masu sha'awa na Afirka da Turai ke amfani da shi daga megahaz 7.0 zuwa 7.2, wanda suke kira mita 40, maƙwabcin mita 41 ne na gidajen rediyo.

Eriya kuwa kamar tsirkiyar garaya take. Kowane tsawo da sautinsa: gajeriya ta yi siririn sauti, doguwa ta yi kauri. Eriyar da ta fi yawa a hannun masu sha'awa ita ce mai fukafukai biyu, wato waya biyu masu tsawo ɗaya da kebul ya shiga tsakiyarsu, jimillar tsawonsu rabin igiyar da ake so. Ƙa'idar da ake yanka ta da ita ita ce a raba 143 da yawan megahaz. Don megahaz 7.1 za a sami mita 20 da 'yan santimita, don 14.2 kuma mita 10 da ɗan ɗori.

Sai batun turjiya, wadda ake aunawa da om. An ƙera rediyon magana da kebul ɗinsa a kan om 50. Wannan lamba sulhu ce aka yi: binciken da aka yi a kan irin wannan kebul ya nuna ya fi ɗaukar ƙarfi a wajen om 30, ya fi rage asara a wajen om 77, sai aka tsaya a tsakani. Idan eriya ma ta nuna om 50, ƙarfin da ya iso gare ta duka yake shiga. Idan ta nuna wani abu dabam, wani kaso ya juyo, kamar ruwan da aka turo daga babban bututu ya tarar da ƙarami.

Lambar da ke nuna yawan abin da ya juyo ita ce ake rubutawa SWR a allon na'urar. Idan 1 ce, babu abin da ya dawo. A 1.5, kashi 4 cikin 100 ne ya dawo. A 2, kashi 11. A 3, kashi 25. Yawancin rediyoyin zamani suna fara rage ƙarfinsu da kansu idan lambar ta haura wajen 2, don kare kansu daga ƙonewa, kuma sau da yawa wannan ragewar ce ke raunana murya fiye da komowar ita kanta.

Saiti kafin awo

Ɗan kasuwar da ya san sikeli ba ya auna kaya sai ya ɗora kwanon babu komai ya mayar da allura sifiri. NanoVNA ma haka take, sai dai nata saitin ya fi tsanani, kuma a nan ne mafi yawan sababbin masu ita ke tuntuɓe. Tana zuwa da wasu 'yan murafe uku masu kama da juna. Ɗaya buɗaɗɗe ne, ba ya haɗa komai. Na biyu ya haɗe wayar tsakiya da ta waje kai tsaye. Na uku yana da turjiya ta om 50 cif. Ana ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, na'urar tana haddace yadda kowanne yake, daga nan ta san inda sifirinta yake.

Abu biyu ne ke ɓata wannan saiti. Na farko, wurin da aka yi shi. Na'urar tana ɗaukar daidai inda aka ɗaura murafen nan a matsayin bakin awo. Idan an yi saiti a jikinta sannan aka ƙara kebul mai mita 20, abin da za ta nuna halin eriya ne gauraye da halin kebul. Mai son ganin eriya tsantsa sai ya kai murafen ƙarshen kebul ɗin, can inda eriya za ta shiga, ya yi saitin a can. Na biyu, faɗin zangon. Wanda ya ce wa na'urar ta duba daga megahaz 1 zuwa 30 da maki 101, kowane taki nata kilohaz 290 ne, alhali zangon mita 40 gaba ɗayansa kilohaz 200 ne. Tana iya tsallake wurin da ake nema ba ta taka shi ba. Dabarar ita ce a fara da faɗi don a hango kwarin, sannan a matse, misali daga 6.5 zuwa 7.5, a sake saiti, a duba da kyau.

Bayan saiti, a mayar da murfin om 50 a gani. Idan layin bai kwanta a kan 1 ba, akwai kuskure, kuma duk awon da zai biyo baya ɓata lokaci ne.

Akwai gargaɗin da ya fi shafar mu a nan. Doguwar waya da ke rataye a sama tana tara lantarkin tsaye, musamman a lokacin hunturu da iska ke busasshiya tana ɗauke da ƙura, da kuma gabanin hadari. Irin tartsatsin da mutum ke ji idan ya taɓa ƙofar mota a watan Janairu ya isa ya kashe bakin na'urar. Saboda haka kafin a ɗaura kebul, a haɗa tsinin tsakiyarsa da ƙarfen wajensa na ɗan lokaci don ya sauke abin da ya tara. Kada kuma a kuskura a haɗa na'urar da rediyon da ke watsawa. Wat ɗaya ma ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba.

Yadda ake rage waya

A ɗauka mutum yana son eriyar megahaz 7.1. Mai hankali ba ya yanka mita 20.1 cif, sai ya yanka 21, domin rage waya ya fi ƙara ta sauƙi. Ya ɗaga ta, ya ɗaura na'ura, sai ya ga layin ya gangaro ya yi kwari a 6.8. Kwari a ƙasa da inda ake so yana nufin eriya ta yi tsawo. A sama da shi kuma ta yi gajarta. Lissafin ba ya buƙatar injiniya: a ninka 21 da 6.8, a raba da 7.1, a sami 20.11. Ke nan santimita 89 za a rage, wajen 44 a kowane fiffike.

Duk da haka ba a cire 44 ɗin a tashi ɗaya. A fara da 30, kuma maimakon yankewa a naɗe bakin wayar ya koma jikinta a murɗe, a sake ɗagawa a auna. A wannan zango, santimita 10 a kowane gefe yana matsar da kwarin da kimanin kilohaz 70. Sau biyu ko uku ana saukewa ana ɗagawa ya wadatar.

Wahalar ita ce ɗagawar, kuma nan ne kasala ke shigowa. Eriyar da aka auna a tsayin kafaɗa ba ita ce eriyar da ke mita 10 a sama ba. Kusancin ƙasa yana sauya kwarin da turjiyar duka. Haka rufin kwano, da tankin ruwa, da rodin da ke cikin dakali, da wayar wutar unguwa, wadda ma dole a nisance ta don tsira da rai. Waya mai rigar roba takan buƙaci gajarta kaɗan fiye da tsirara. Ƙasar da ta jiƙe a watan Agusta ba ta amsawa kamar ta watan Maris, don haka wanda ya ga kwarinsa ya ɗan gusa da damina kada ya ɗauka na'urarsa ce ta lalace.

Akwai gwaji ɗaya mai arha da ya kamata kowa ya yi. Yayin da na'urar ke aunawa, a kama kebul ɗin da hannu, ko a matsar da shi. Idan layin ya yi tsalle, to bayan kebul ɗin ya zama wani ɓangare na eriyar, yana watsawa yana kuma kwaso hayaniyar caja da inbata na cikin gida. Maganinsa a naɗa kebul ɗin 'yan zagaye a zoben ferayit daidai inda ya haɗu da eriya.

Da'irar da ke allon, wadda sababbi kan kashe don ta cika musu ido, taswirar Smith ce, wadda Phillip Smith na ɗakin binciken Bell ya wallafa a 1939. Tsakiyarta om 50 ne. Idan an yi saiti a bakin eriya, ɗigon da ya faɗa rabin sama yana cewa wayar ta yi tsawo, na rabin ƙasa kuma ta yi gajarta. Ta fi lambar SWR bayani, domin SWR ta 2 tana iya zama om 25 ko om 100, kuma maganin kowanne dabam.

Inda lambar ke ruɗi

A nan ne ya kamata a tsaya, domin nan ne na'urar ke jefa mutane cikin wani sabon kuskure. Tun da allo ya fara nuna lamba har da ɗigo biyu, sai aka sami masu kwana suna farautar 1.00. A ganina wannan ɓarnar lokaci ce. Eriya mai fukafukai biyu da ke sarari tana nuna kimanin om 73, wanda a kan kebul na om 50 ke ba da SWR kusan 1.5, kuma babu abin da ke damunta. Bambancin da ke tsakanin 1.5 da 1.1 kashi 4 ne cikin 100 na ƙarfi, abin da babu kunnen da zai ji a ɗaya gefen. Injiniya Walter Maxwell, mai lambar kira W2DU, ya fara jerin maƙaloli a mujallar QST tun 1973 yana yaƙar wannan ɗabi'a, har yau ba ta mutu ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne na'urar ba ta san inda ƙarfin ya tafi ba. Abin da ta sani kawai bai dawo ba. Ɗan murfin nan na om 50 yana ba da 1.0 a kowane zango, amma ba ya watsa komai, zafi kawai yake mayar da ƙarfin. Duk abin da ke cinye ƙarfi yana ƙawata lambar.

Misali mafi bayyana shi ne kebul. Siririn kebul da ake kira RG-58, idan ya kai mita 30 a zangon megahaz 145, yana cinye fiye da kashi biyu cikin uku na ƙarfin kafin ya isa eriya. Abin da ya juyo ma sai ya sake bi ta cikinsa a sake cinye shi. Sakamakon haka, ko da an cire eriyar gaba ɗaya an bar bakin kebul ɗin a buɗe, na'urar da ke ƙasa tana iya nuna lambar da ba ta wuce 2 ba. Mutum ya yi murna, alhali babu eriya ma. Kebul ɗin da ruwa ya shige shi ya fi haka muni: yana ƙara ruɓewa, lambar tana ƙara kyau. Don haka eriyar waya da ta nuna layi shimfiɗaɗɗe a ƙasa daga farkon zango har ƙarshensa, babu kwari babu tudu, abar tuhuma ce. Lafiyayyar eriya tana da wurin da take so da wurin da take ƙi.

Abin daɗin shi ne na'urar da kanta tana iya kama wannan, idan an tambaye ta tambayar da ta dace. Tana da baki biyu. A haɗa kebul shi kaɗai tsakaninsu, za ta faɗi nawa yake cinyewa. Tana kuma iya auna lokacin da sigina ke ɗauka ta je ta dawo, ta faɗi tsawon kebul ko nisan wurin da ya karye a cikin bango, muddin an gaya mata saurin sigina a cikinsa, wanda a kebul mai daskararriyar roba irin RG-58 da RG-213 kashi 66 ne cikin 100 na saurin haske.

Ga ɗan kasuwa da jami'in sayayya

Wannan ɓangaren ne ya fi shafar wanda ba shi da niyyar rataya waya a bishiya. Mai shagon kayan sadarwa, da jami'in da ke saya wa ma'aikatarsa rediyon masu gadi ko na motocin asibiti, duk suna karɓar kaya ne bisa abin da aka rubuta a kwali. Kebul na talabijin da dish, RG-6, om 75 ne ba 50 ba. Ba shi da laifi a kansa, asararsa ma kaɗan ce, amma wanda ya biya kuɗin om 50 ya cancanci ya san abin da aka ba shi. Haka 'yan eriyoyin roba na oba-oba: jabunsu sun cika kasuwannin duniya, kuma akan sami wadda aka rubuta mata zango kaza, kwarinta yana can wani wuri.

Sai dai a yi hattara kafin a tuhumi dila. Eriyar oba-oba rabin eriya ce. Ɗaya rabin jikin rediyon ne da hannun mai riƙe da shi. Idan an ɗaura ta a kan NanoVNA an ajiye a tebur, ko ta gaske ce tana iya nuna mummunar lamba. Adalcin gwaji shi ne a ɗaura ta a kan ɗan akwatin ƙarfe mai girman rediyon, a riƙe a hannu a tsaye, nesa da bango, a kuma gwada ta kafaɗa da kafaɗa da wadda aka tabbatar da ingancinta. Wanda shagonsa ko gidansa ke kusa da turken gidan rediyo mai ƙarfi shi ma ya sani cewa siginar tashar tana shiga ta eriya ta danne 'yar siginar na'urar, layin ya yi ta rawa ba dalili.

Ita kanta na'urar ba ta tsira daga jabu ba. Tun da zanenta a buɗe yake, masana'antu da yawa suna kwaikwayonta, wasu suna rage garkuwar ƙarfen da ke cikinta, murafen saitinsu kuma ba su cika om 50 ba. Ana iya duba murfin da mitar lantarki ta gama-gari kafin a biya kuɗi.

Auna eriya da wannan na'ura abu ne dabam da watsa magana. Hawa zangon masu sha'awa yana buƙatar lasisi, kuma dokar ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ba ta yarda a yi harkar kasuwanci a kansa ba. Kamfani ko ma'aikata zangonsu dabam ne, da izininsu dabam. Ga wanda ya sami lasisin kuma, bayan na'ura ta nuna kwari a inda ake so, an tabbatar kebul ba ya cin ƙarfi, sauran gwaji ɗaya: ya cire NanoVNA, ya mayar da kebul jikin rediyo, ya yi kira a 7.1 da yamma, ya nemi wanda ya amsa daga nesa ya faɗa masa ƙarfin da siginarsa ta iso da shi.